Yadda Ake Rainon Ludwigia Mai Jan Ganye a Cikin Akwatin Kifi

Duk wanda ya taɓa lura da mangwaro lokacin da yake sabon toho, ya ga yadda ganyen ke fitowa jaja-jaja, mai laushi kamar tsumma, sai bayan kwanaki ya rikiɗe ya koma kore. Abin da ke ba shi wannan launi wani sinadari ne da masana ke kira antosayanin, shi ne kuma ke sa zoɓo ja. Tsiro na haɗa shi ne don ya kare ganyensa daga ƙarfin haske, kamar yadda mutum ke yafa mayafi idan rana ta take. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya huta da asarar kuɗi, domin yawancin masu kukan cewa jan tsironsu ya koma kore suna rugawa ne su sayo kwalaben magani, alhali matsalar tana rataye a saman akwatin, wato fitila.

Zan yi bayani a kan Ludwigia, don ita na fi sani, ita ce kuma nake ganin ta fi dacewa da mai farawa.

Wace iri za ka saya

Ludwigia repens asalinta kudancin ƙasar Amurka ne da Meziko da tsibiran Karebiyan, inda take fitowa a bakin tafkuna da magudanan ruwa. An raɗa wa danginta sunan wani masanin tsirrai Bajamushe na ƙarni na 18, Christian Gottlieb Ludwig. Ganyenta na fitowa biyu-biyu a kowace gaɓa, suna kallon juna, samansu kore mai sirkin ja, ƙasansu ja sosai. Akwai kuma Ludwigia palustris, wadda 'yan kasuwa ke sayar da wani nau'inta da sunan Super Red. Ganyen wannan ya fi ƙanana, kuma ta fi saurin yin ja ko da hasken bai kai ya kawo ba. Idan ka samu wannan ta biyun, kada ka yi wata-wata, ɗauke ta.

Wasu 'yan'uwan Ludwigia suna nan a fadamunmu, ciyawa ce mai furen rawaya da manoman shinkafa ke fama da ita. Dangi ɗaya ne, amma kada ka ciro ta ka nutsar a akwati kana jiran ja.

Za a kuma iya nuna maka Alternanthera reineckii, 'yar Amurka ta Kudu, wadda danginsu ɗaya da alayyafo. Tana da kyau ƙwarai, janta har da sirkin shuni. Sai dai tana da jinkirin girma, kuma ganyen da ya daɗe a wuri ɗaya shi gansakuka ke fara hawa. Ka bar ta sai hannunka ya faɗa.

Wajen saye, kan tsiron za ka duba, wato ganye huɗu ko shida na sama. Idan suna da ƙwari, ba su murɗe ba, karan kuma bai yi baƙi ko laushi ba, to da ransa. Idan daga Legas ko Abuja za a ɗoro maka a mota, ka roƙi a naɗe shi cikin jiƙaƙƙiyar takarda a sa a leda da ɗan iska a ciki, kada kuma a jefa shi a but kusa da zafin inji. Na taɓa karɓar ƙunshi da ya kwana biyu a hanya cikin watan Afrilu, ina buɗe ledar sai wari kamar na dafaffen ganye, karan yana narkewa tsakanin yatsuna. Tun daga ranar ba na yin oda sai da damina ko lokacin sanyi.

Mataki na 1: akwati da ƙasar shuka

Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin ruwa lita 54, kuma ya isa. Akwati mai zurfi sosai wahala ne, don haske na raguwa kafin ya kai ƙasa. Ajiye shi inda rana ba ta dukansa kai tsaye.

A ƙasa kana da zaɓi biyu. Akwai ƙasar da aka sarrafa musamman don tsirran ruwa, ƙananan dunƙule baƙaƙe masu taki a jikinsu. Tana da tsada, kuma a makonnin farko tana sakin amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, saboda haka ba a sa kifi da wuri. Idan ba ta samu ba, yashin kogi mai ɗan kauri, wanda ƙwayarsa ta kai milimita 2 zuwa 3, yana yi. A wanke shi a bokiti har sai ruwan ya fito garau, sannan a binne ƙwayoyin takin saiwa na akwatin kifi a cikinsa. Kafin ka zuba kowane yashi ko dutse, ɗiga masa ruwan lemun tsami ko binega. In ya yi kumfa, akwai farar ƙasa a ciki, zai riƙa ƙara wa ruwanka nauyi, wato yawan ma'adinan da ke narke a cikinsa, sai ka canja wani. Kaurin shimfiɗar ya kai santimita 5 a gaba, 7 a baya inda Ludwigia za ta zauna.

Mataki na 2: ruwa

Ludwigia ba ta da tsirfa a kan ruwa. Tana rayuwa a mai ɗan tsami da mai ɗan kanwa-kanwa, daga 6 zuwa kusan 8 a ma'aunin pH. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda ke kashe kifi da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin matacin ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin. A tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ɗaya ko biyu, ko a ɗiga masa maganin kashe kulorin, wanda shi ya fi tabbas. Idan na burtsatse ne, dubi cikin butar da kake dafa shayi: in farin ɓawo na taruwa a gindinta, ruwanka mai nauyi ne, sai ka riƙa surka shi da ruwan sama mai tsabta, ban da na farkon damina da ke wanko ƙurar kwano. Ruwan 'yan garuwa kuwa, ka tambayi daga inda suke ɗebowa, ka kuma tsaya a wuri ɗaya. Sauye-sauyen irin ruwan da ake zubawa ya fi nauyin ruwa cutar da tsiro.

Mataki na 3: fitila

A nan ne ja yake, don haka zan ɗan daɗe.

Fitilar da ke zuwa manne da murfin ƙananan akwatuna an yi ta ne don a ga kifi, ba don a raini tsiro ba. Ka nemi doguwar fitilar LED da ta kai tsawon akwatin. A jikin kwalinta za ka ga an rubuta adadin lumen, wato yawan hasken da take fitarwa. Tsirrai masu sauƙi suna wadatuwa da lumen 10 zuwa 20 a kowace lita. Don Ludwigia ta yi ja, ka nufi 30 zuwa 40. A akwatinmu mai lita 54, hakan na nufin fitila mai lumen 1,600 zuwa 2,000 ko kusa da haka. Farin haske mai lamba 6500K, wato lambar da ke nuna launin hasken, yana rainon tsiro lafiya lau. Amma fitilar da aka haɗa mata ƙwayaye ja da shuɗi a cikin fararen ta fi fito da launin a ido, domin ganye ja ba ya bayyana ja sai hasken da ke sauka a kansa yana da ja a ciki. Sau da yawa tsiron ya riga ya yi launi, fitilar ce ke dusashe shi.

Ƙarfin haske daban, tsawon lokacinsa daban, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Fitila mai rauni da aka bari awa 14 ba za ta ba ka ja ba, gansakuka za ta ba ka. Fara da awa 6 a rana na makonni uku ko huɗu na farko, sannan ka riƙa ƙara rabin awa duk mako har ka kai 8. A nan ka tsaya. Lokacin kunnawa da kashewa ya zama ɗaya kullum. Idan za ka sayi agogon da ke kunna fitila da kansa, nemi mai batir a ciki. Mai juyawa da haƙora yana tsayawa duk sanda aka ɗauke wuta, bayan kwana uku sai ka tarar yana kunna fitila da tsakar dare.

Ga alamar da za ta tabbatar maka da maganar nan. Idan karan Ludwigia ya miƙe ya kusa saman ruwa, ganyen da ke santimita biyar na ƙarshe za su yi ja fiye da duk na ƙasa, alhali ruwa ɗaya suke sha, taki ɗaya suke ci. Abin da ya bambanta su kusanci da fitila ne kawai.

Mataki na 4: dasawa

Kwance ƙunshin, cire dalma ko soson da aka ɗaure gindin da shi. Idan a ɗan tukunya ya zo, ɓare audugar da ke riƙe da saiwar a hankali. Idan a rufaffen kofi ne cikin wani abu mai kama da kamu, wanke shi tas. Yanke ƙarshen kowane kara da almakashi mai kaifi, ka tsige ganyen gaɓoɓi biyu na ƙasa, don duk ganyen da aka binne ruɓewa yake yi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a soke ƙunshin gaba ɗaya a rami ɗaya. Na tsakiya ba sa samun haske, sai gindin ya ruɓe, ka wayi gari ka ga tsiro na yawo a saman ruwa. Ɗaya-ɗaya ake dasawa. Kama gindin karan da dogon hantsaki, tura shi cikin yashi santimita 3 zuwa 4 a ɗan karkace, sassauta hantsakin, ka zare shi a hankali ta gefe. Bar tazarar yatsu biyu tsakanin kara da kara. Kara 10 zuwa 15 sun isa su yi maka kurmi. A ranar farko wurin zai yi kama da gonar da aka yi wa tsinke-tsinke, kada wannan ya dame ka. Dasa su daidai ƙarƙashin fitila, ba a lungu ba.

Ina ba da shawara ka haɗa da koren tsiro mai saurin girma a gefe. Yana shanye rarar taki kafin gansakuka ta samu, kuma ja ya fi fitowa idan kore na kusa da shi.

Mataki na 5: makonni uku na haƙuri

Yawancin gonakin da ke samar da waɗannan tsirrai a waje da ruwa suke rainonsu, saiwa a laima, ganye a iska, don sun fi saurin girma a haka. Ganyen da ya saba da iska ba ya iya aiki sosai a cikin ruwa. Saboda haka a mako na farko da na biyu za ka ga tsofaffin ganye suna yin rawaya, suna zama kamar leda, suna zubewa. Mutane da yawa a nan suke tumɓuke tsiron su zubar, ko su yi ta ciro shi suna duba saiwa. Kada ka taɓa shi. Dubi kan kawai: muddin ƙananan sababbin ganye na fitowa, yana nan da rai, kuma waɗannan sababbin su ne na ruwa. Kwashe matattun ganye da 'yar raga. A wannan lokaci ka riƙa canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan sau biyu a mako, daga baya ka koma sau ɗaya. Kifi su jira sai akwatin ya yi wata guda matacin ruwa na aiki.

Mataki na 6: taki, da maganar sinadarin ƙarfe

Za ka ji ana cewa sinadarin ƙarfe ne ke sa ja. Gaskiyar ita ce tsiro na buƙatarsa don ya haɗa koren ganye ya yi lafiya, kuma tsiro marar lafiya ba ya yin launi. Amma shi jan launin kansa babu ƙarfe a cikinsa. Idan akwai kusan miligiram 0.1 a kowace lita, ya wadatar, ƙari a kan haka ba ya ƙara ja ko kaɗan. Sayi takin ruwa na akwatin kifi mai haɗe da komai, wato naitirojin da fosfaras da fotashiyam da ƙananan sinadarai, ka fara da rabin abin da aka rubuta a kwalbar, ka raba shi sau biyu ko uku a mako.

Ƙwararru na rage naitiret, wato nau'in naitirojin da tsiro ke sha a ruwa, don su matsa wa tsiro ya ƙara ja. Dabarar na aiki a kan wasu iri, kamar Rotala, amma tafiya ce a bakin rami: kaɗan ka zarce sai girma ya tsaya cak. Ludwigia ba ta buƙatar wannan. Bar naitiret tsakanin miligiram 5 zuwa 15 a lita.

Ina roƙonka kada ka zuba takin zamani na gona, ko yuriya ko kashin kaji, a akwatin da ke da kifi. Suna sakin amoniya, kuma cokali ɗaya ya isa ya kashe duk abin da ke numfashi a ciki.

Mataki na 7: iskar kabon

Ludwigia repens tana rayuwa ba tare da an ƙara mata CO2 ba, wato iskar kabon da tsiro ke shaƙa don haɗa abincinsa, wannan na daga cikin dalilan da na zaɓe ta. Amma idan ka ƙarfafa fitila, yunwar kabon ɗinta na ƙaruwa, in ba ta samu ba gansakuka ce ke cin ribar hasken. Mai hali ya sayi tukunyar gas da makunninta, ya nufi miligiram 20 zuwa 30 a lita. Akwai 'yar kwalbar gwaji da ake mannawa a gilashi: shuɗi na nufin bai isa ba, kore daidai, rawaya ya yi yawa. A buɗe gas awa ɗaya ko biyu kafin fitila ta kama, a rufe awa ɗaya kafin ta mutu.

Ana kuma haɗa na gida da sukari da yis na burodi a gorar lita biyu. Yana aiki, sai dai a zafin ƙasarmu yis na tashi da ƙarfi ya mutu da wuri, kuma ba shi da makashi da dare. Idan ka ga kifi sun taru a sama suna haki da asuba, cire tiyon nan take ka motsa saman ruwan. Wanda ba zai iya kula da wannan kullum ba, gara ya haƙura da kabon ɗin, ya tsaya a matsakaicin haske. Zai samu ja a kawunan tsiron, kuma ja ne mai kyau.

Zafi da ɗaukewar wuta

Ludwigia ta fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, cikin Afrilu da Mayu, ruwan akwati na iya haura 30 a ɗaki. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, tsiron sai ya yi tsayi siriri, gaɓoɓinsa su yi nisa da juna, launin ya kwashe. Maganin shi ne dabarar randa: buɗe murfin, ka saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Tururin da ke tashi na rage zafin da digiri 2 zuwa 3, ya fi ma aiki inda iska ke a bushe. Ruwan zai riƙa raguwa, sai ka cike da mai sauƙi, ba mai nauyi ba. Kada ka jefa ƙanƙara, saukar zafi farat ɗaya na gigita kifi. Da hunturu kuma a mayar da murfi saboda ƙura.

Duhun kwana ɗaya ko biyu ba ya kashe Ludwigia. Abin da ke ɓata ta shi ne yau awa 3, gobe awa 12. Fitilar irin wannan akwati ba ta cin wuta sosai, ƙaramin batir na sola zai riƙe ta tare da matacin ruwa. In ba hali, daidaita lokacin fitilar da sa'o'in da aka fi samun wuta a unguwarku.

Mataki na 8: aski

Idan kawunan sun kusa taɓa saman ruwa, lokacin aski ya yi. Kada ka ji tausayi. Yanke kowane kara a wajen rabin tsayinsa, ɗan sama da gaɓa. Daga wannan gaɓar rassa biyu za su fito cikin mako ɗaya ko biyu. Kan da ka yanke, in ya kai santimita 8 zuwa 10, tsige masa ganyen ƙasa ka dasa a gaban tsofaffin, zai yi saiwa da kansa. A aski na gaba, yanke ɗan sama da inda ka yanke a baya, don rassan su yi ta ninkuwa. Da haka kara goma ke zama kurmi.

Bayan aski uku ko huɗu gindin zai tsufa, ya zubar da ganye, ya cika da fararen saiwoyi da ke fitowa daga gaɓoɓi. Saiwoyin ba cuta ba ne, ana iya yanke su. Amma idan ƙasan ya zama sanduna tsirara, tumɓuke tsofaffin a hankali, ka sake dasa kawunan kaɗai, ka canja rabin ruwan a ranar saboda dattin da ya tashi.

Abin da ganye ke faɗa maka

Sabon ganye ya fito fari-fari ko rawaya: ƙarfe ya yi kaɗan. Tsohon ganye ya yi rawaya tun daga ƙasa: naitirojin ne. Ƙananan huji kamar na allura a tsofaffin ganye: yawanci fotashiyam. Ganyen ƙasa na zuba alhali na sama lafiya: cunkoso ne ya hana haske sauka, a rage. Kan tsiro ya ƙanƙance ya murɗe: duba kabon tukuna. Gansakuka mai kama da gashi: rage awa ɗaya a fitila, ka tsananta canjin ruwa. Abu ɗaya ake gyarawa a lokaci guda, a jira mako biyu, kuma sabon toho ake dubawa, don ganyen da ya riga ya lalace ba ya warkewa.

Game da kifi, ƙanana irin su gofi da tetra da rasbora ba sa taɓa ganye. Kifin zinariya da karfasa suna cinye shi, tarwaɗa kuma tana tone gindin.

Rarar da ka yanke, ka ba wani mai akwati, ko ka shanya ta a rana ta bushe ƙarau kafin ka zubar. Kada ka watsa ta a kwata ko kududdufi ko kogi, domin guntun kara mai gaɓa ɗaya ya isa ya kafa sabon tsiro. Wasu nau'o'in Ludwigia biyu da aka kai Turai don ado sun toshe magudanan ruwa a Faransa, har Tarayyar Turai ta hana sayar da su a 2016.